Idan bashin karatu ya fi ƙarfinka a Amurka: matakan da doka ta ba ka

Mutum kusan miliyan 43 ne gwamnatin tarayyar Amurka take bi bashin karatu, jimillar kuɗin kuwa ta haura dala tiriliyan 1.6. A cikinsu akwai 'yan uwanmu da suka samu takardar zama ta dindindin suka koma makaranta, akwai kuma yaran da aka haifa a Bronx ko Greensboro ko Houston, waɗanda iyayensu suka sa hannu a takardun rance ba tare da wani ya zaunar da su ya yi musu bayani ba. Wannan jagora domin su ce. Ba ta shafi rancen NELFUND na Najeriya ba, wanda babu kuɗin ruwa a kansa kuma dokarsa daban take.

Tun daga 2020 ake ta yi wa masu bashin nan alkawari ana warwarewa. An dakatar da biya a watan Maris na 2020 saboda korona, har sai Oktoba 2023 aka dawo. Shugaba Biden ya ce zai yafe wa masu bashin da samunsu bai wuce wani adadi ba har dala 10,000 ko 20,000, Kotun Ƙoli ta rushe shirin ranar 30 ga Yuni, 2023. Ya fito da tsarin sauƙaƙa biyan wata-wata mai suna SAVE, kotuna suka tsayar da shi a 2024. Wanda ya zauna jiran yafiya duk tsawon lokacin nan, abin da ya tashi da shi kuɗin ruwa ne. Shawarata a nan guda ce: ka kama kariyar da Majalisa ta rubuta a cikin doka, domin ita ce take tsallake canjin gwamnati, kuma ka neme ta da kanka, a rubuce, tun kafin a ce ka gaza.

Mataki na farko: gano wane irin bashi ne a kanka

Shiga shafin studentaid.gov da sunan asusunka na FSA (Federal Student Aid, ofishin tallafin ɗalibai na tarayya), wanda ka yi amfani da shi lokacin cike takardar neman tallafin karatu ta FAFSA. Duk bashin da ka gani a can na tarayya ne. Wanda ba ka gani ba, amma ana aiko maka da takardar biyansa, na banki ne ko na kamfani mai zaman kansa, kuma yawancin abin da ke ƙasa bai shafe shi ba. Maganarsa na nan zuwa daban.

Ka rubuta abu huɗu a kan kowane bashi: sunansa, ranar da aka fitar da kuɗin, kuɗin ruwansa, da kamfanin da ke karɓar biyansa a madadin gwamnati, irin su MOHELA, Nelnet, Aidvantage ko Edfinancial. Sunan yana da muhimmanci. Wanda aka rubuta Direct a kansa ya fi kowanne kariya. FFEL tsohon tsari ne da aka daina bayarwa a 2010, Perkins kuma aka rufe a 2017, kuma su biyun ba sa shiga wasu shirye-shiryen yafiya sai an mayar da su Direct. Parent PLUS kuwa bashin uba ne ko uwa. Ko da yaron ya yi alkawarin shi zai biya, a idon doka wanda ya sa hannu ake bi, kuma wannan shi ne bashin da ya fi tsada: wanda aka ci a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 kuɗin ruwansa kashi 8.94 ne cikin ɗari, alhali na ɗalibin digirin farko 6.39 ne.

Kafin ka fita, gyara adireshinka da imel ɗinka a shafin gwamnati da na kamfanin. Mutanenmu suna yawan sauya gida, kuma sanarwar da aka aika tsohon adireshi doka tana ɗauka ta iso.

Mataki na biyu: ƙirga kwanakinka

Ranar farko da ka tsallake biya, ka zama mai latti. A kwana 90 kamfanin zai kai rahotonka ga hukumomin da ke ajiye tarihin bashi, makin kiredit ɗinka ya faɗi, kuma daga nan hayar gida da rancen mota su fara yi maka wuya. A kwana 270 sai a ce ka gaza baki ɗaya, abin da suke kira difol.

Gazawa a bashin tarayya ba irin ta katin kiredit ba ce. Gwamnati ba ta buƙatar kai ka kotu. Tana iya riƙe rarar harajin da ake mayar maka a farkon shekara, tana iya umartar wurin aikinka ya yanke har kashi 15 cikin ɗari na albashin da ya rage bayan haraji, kuma tun 1991 aka cire wa wannan bashi wa'adin tsufa, wato ko bayan shekara talatin ana iya bin ka. An daina irin wannan karɓar dole a lokacin korona, aka dawo da ita ranar 5 ga Mayu, 2025, lokacin da masu gazawa suka haura miliyan 5, sannan a Janairun 2026 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da jinkirta yankan albashi da riƙe haraji. Jinkiri ne na sanarwa. Ikon yana nan a hannunta.

Abin da ya fi kai mutanenmu wannan rami kunya ce. Ambulan ya iso, an ga tambarin kamfanin, an cusa shi ƙarƙashin tulin takardun talla a kan firij, don kada matar gida ko baƙo ya gani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka buɗe ambulan, ka ga a rana ta nawa kake, domin wanda yake ƙasa da 270 yana da hanyoyin da wanda ya wuce ba shi da su.

Mataki na uku: nemi biya gwargwadon abin da kake samu

Wannan shi ne ginshiƙin kariyar. Idan bashinka na kafin Yulin 2026 ne kuma ba ka zaɓi komai ba, ana sa ka a tsarin shekara 10, wanda yake duba yawan bashi kawai, ba ruwansa da aljihunka. Amma akwai tsarin da yake lissafi da albashinka da yawan iyalinka, kuma wanda ya fi zama da gindinsa a cikinsu shi ne IBR, saboda Majalisa ce ta kafa shi da doka a 2007.

Ga yadda lissafinsa yake. Kowace shekara gwamnati tana fitar da ma'aunin talauci. Na 2025 dala 15,650 ne ga mutum ɗaya, a ƙara 5,500 a kan kowane mutum na gida, wato iyali mai mutum huɗu 32,150. IBR yana ninka wannan ma'auni sau ɗaya da rabi, ya ce wannan na cin abinci da haya ne, ba a taɓa shi. Abin da ya haura ne ake cire kashi 10 cikin ɗari ga wanda ya fara cin bashi daga 1 ga Yuli, 2014, ko kashi 15 ga wanda ya riga wannan rana.

Ɗauki gwauro mai samun dala 40,000 a shekara. Sau ɗaya da rabi na 15,650 ya kama 23,475. A cire daga 40,000, saura 16,525. Kashi 10 na wannan, a raba wata goma sha biyu, ya kama wajen dala 138 a wata. Idan na kashi 15 ne, wajen 207. To ɗauki magidanci mai mata da yara biyu, yana samun 45,000 shi da matarsa. Nasa shingen 48,225 ne, samunsa bai kai ba, don haka abin da zai biya sifili ne. Kuma sifilin nan biya ne a idon doka: ba a rubuta shi latti, ana kuma ƙirga masa watan cikin shekarun da bayansu ake yafe abin da ya rage, shekara 20 ga sababbi, 25 ga tsofaffi.

Neman shiga kyauta ne, a studentaid.gov ake yi. Za a nemi izininka a ɗauko bayanan harajinka daga IRS, hukumar haraji ta tarayya. Idan tun bayan harajin bara an sallame ka ko an rage maka awoyi, kada ka bari a yi lissafi da tsohon albashi. Ka ce samunka ya canja, ka haɗa takardar albashi ta kwanan nan, ko ka bayyana cewa ba ka da abin shiga a yanzu. Mai tuƙin Uber ko mai shago ya lura cewa ana duba abin da ya rage bayan an cire kuɗin gudanar da sana'a, kamar yadda ya fito a takardar haraji. Ma'aurata kuma su tambayi mai cike musu haraji: idan kowa ya cike nasa daban, IBR yana duba samun mai bashin shi kaɗai, amma rabuwar tana iya jawo asarar wasu rangwamen haraji. Sai an auna biyun.

Sau ɗaya a shekara dole ka sabunta bayanan. Wanda ya manta, biyansa zai yi tsalle ya koma na tsarin shekara 10, kuma kuɗin ruwan da ya taru za a ɗora shi a kan uwar kuɗi. Ka sa ranar a wayarka tun wata biyu kafin ta zo.

Yanzu ga canjin da ya girgiza komai. Dokar kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta ƙirƙiro sabon tsari mai suna RAP daga 1 ga Yuli, 2026, ta kuma yanke cewa SAVE da wasu tsare-tsaren biya gwargwadon samu guda biyu, PAYE da ICR, duk za su ƙare zuwa 1 ga Yuli, 2028. RAP ba ya ware kuɗin abinci. Yana ɗaukar kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na samunka gaba ɗaya, gwargwadon matakin da ka faɗa, ya rage dala 50 a wata a kan kowane yaro da ke ƙarƙashinka, kuma ba ya sauka ƙasa da dala 10. Magidancin nan mai 45,000 yana matakin kashi 4, wato 150 a wata, a cire 100 na yara biyu, saura 50. A IBR sifili, a RAP hamsin. Yafiyar RAP kuma sai bayan shekara 30.

Ba zan ce RAP ba shi da alheri ba. Idan biyanka bai rufe kuɗin ruwan wata ba, ana share ragowar, kuma gwamnati tana tabbatar da uwar kuɗin ta ragu kowane wata, tana cika maka har zuwa dala 50. Ga Musulmin da ganin kuɗin ruwa yana hayayyafa yake hana shi barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake hukuncin shari'a a kai tambaya ce ta malamai. Amma shekara talatin rayuwar aiki ce cif, kuma wanda samunsa ya yi ƙasa sosai ya fi samun sauƙi a IBR. Abin kiyayewa shi ne, duk wanda ya ci sabon bashi ko ya haɗe tsofaffin daga 1 ga Yuli, 2026, ya rufe wa kansa ƙofar IBR. Iyaye masu Parent PLUS lamarinsu ya fi tsanani: RAP ba ya karɓarsu, kuma hanyarsu ta samun biya gwargwadon samu an ɗaure ta da haɗe bashin kafin waccan rana.

Wanda yake cikin SAVE har yanzu, ya sani kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa tun 1 ga Agusta, 2025, watannin jiran ba sa shiga lissafin yafiya, kuma a Disamban 2025 Ma'aikatar ta sanar da sulhu da jihar Missouri don rufe tsarin. Babu abin jira a wurin.

Mataki na huɗu: yi hattara da ɗage biya

Akwai ɗagawa iri biyu. Ta farko haƙƙinka ce idan ka cika sharaɗi, misali rashin aiki ko matsin tattalin arziki, kowanne har shekara uku, kuma a lokacinta gwamnati ce take ɗaukar kuɗin ruwan bashin da ake kira Subsidized. A takardunsu difamen ake ce mata. Ta biyu, fobiyarans, ta alfarma ce: a waya ake ba ka ita cikin minti biyar, har wata 12 a lokaci guda, amma kuɗin ruwa ba ya tsayawa ko na rana ɗaya. Mai bashin dala 30,000 a kan kashi 6 cikin ɗari, shekara ɗaya ta irin wannan hutu tana ƙara masa 1,800, kuma yawanci ba a ƙirga masa ita a hanyar yafiya.

Sauƙinta ne ya sa kamfanoni suke sonta. Hukumar kare masu mu'amala da bankuna, CFPB, ta kai kamfanin Navient ƙara a Janairun 2017, tana zarginsa da tura mutane ɗagawa maimakon ya yi musu bayanin biya gwargwadon samu. A 2022 kamfanin ya yi sulhun dala biliyan 1.85 da manyan lauyoyin jihohi, a Satumban 2024 kuma aka ci shi dala miliyan 120 aka hana shi karɓar bashin tarayya. Don haka idan ka kira, ka riga su magana. Ka ce: "Ina so a lissafa mini nawa zan biya a IBR, kuma ina so a rufe watannin da na yi latti yayin da ake duba takardata." Idan mai amsa waya ya ce bari ya ɗage maka na shekara guda ka huta, ka ce ka gode, lissafin kake so. Ɗagawa ta wata biyu ko uku don cike giɓi tana da amfani. Wadda ta wuce haka, ka tambayi kanka me ya hana ka biyan sifili.

Basussukan da za a ci daga 1 ga Yuli, 2027 ba su da ɗagawar rashin aiki ko ta matsi, ta alfarmar ma an taƙaita ta zuwa wata 9 cikin kowane wata 24. Mai yaro da zai shiga jami'a ya riƙe wannan.

Mataki na biyar: idan ka riga ka gaza

Bashinka zai bar hannun kamfanin ya koma sashen da ake kira Default Resolution Group, shafinsu myeddebt.ed.gov. Hanyoyin fita biyu ne.

Ta farko farfaɗo da bashi. Za ka yi yarjejeniya a rubuce, ka biya sau tara cikin wata goma a jere, kowanne cikin kwana 20 da ranarsa. Ana lissafa kuɗin da samunka, yana iya sauka har dala 5 a wata, kuma idan adadin farko ya yi maka nauyi kana da haƙƙin cike takardar kuɗin shiga da na fita, ka nuna haya da magani da kuɗin renon yara, a sake lissafi. Ribarta ita ce ana goge tambarin gazawar daga tarihin kiredit ɗinka, ko da yake lattin da ya gabace ta yana nan. Idan ana yankan albashinka, bayan biya na biyar ake dakatarwa. Sau ɗaya ake yi wa bashi wannan, sai daga Yulin 2027 dokar ta ƙara zuwa biyu. Saboda haka tun kafin biya na tara ka shirya takardar tsarin da za ka shiga, don kada ka fito ka sake faɗawa.

Ta biyu haɗe basussukan su zama sabon bashi ɗaya. Ta fi sauri, makonni ne maimakon wata tara, amma tambarin gazawar yana zama a tarihinka har shekara bakwai, kuɗin ruwan da ya taru ya hau kan uwar kuɗi, ga kuma batun rasa IBR da na ambata. A ganina wanda ba gaggawa yake ba, farfaɗowa ta fi masa.

Idan sanarwar yankan albashi ta zo, kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka a rubuce, kuma neman da ya isa cikin wa'adin yana tsayar da yankan har a yanke hukunci. Hujjojin da ake karɓa sun haɗa da cewa bashin ba naka ba ne, ko yankan zai jefa iyalinka cikin matsi, ko an sallame ka daga aiki kuma ba ka cika wata 12 a sabon aikin ba. Sanarwar riƙe haraji kuwa tana zuwa kwana 65 kafin a fara.

Mataki na shida: duba ko akwai yafiyar da ta hau kanka

Mai aiki cikakken lokaci, awa 30 a mako ko fiye, a hukumar gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ya duba PSLF, shirin yafiyar bashi ga masu aikin al'umma. Bayan biya 120, wato shekara goma, ana share ragowar bashin Direct, ba haraji a kai. Nas-nas a asibitin gwamnati, direban bas na birni, malamin makaranta, mai shara a jami'ar jiha, duk suna iya shiga, domin wurin aikin ake dubawa. Wanda kamfanin kwangila ya ɗauka ya tura shi asibitin, yawanci ba ya ciki. An kafa shirin a 2007, kuma da rukunin farko suka nema daga 2017, kusan kashi 99 cikin ɗari aka ƙi, yawanci saboda nau'in bashi ko tsarin biya bai dace ba kuma ba wanda ya gaya musu. Maganin haka shi ne ka cike takardar shaidar wurin aiki kowace shekara, ka duba ƙirgen biyanka da idonka. Sabuwar ƙa'ida ta ba Sakataren Ilimi ikon fitar da wasu wuraren aiki daga shirin daga Yulin 2026, kuma jihohi da ƙungiyoyi sun kai ƙara a kanta. Mai aiki a ƙungiyar taimakon baƙi ya sa ido sosai.

Malamin da ya yi shekara biyar a jere a makarantar 'ya'yan talakawa yana iya samun yafiyar dala 5,000, ko 17,500 ga wasu darussa. Naƙasa ta dindindin tana share bashin tarayya. Mutuwa ma haka: ba a bin magada, kuma Parent PLUS yana faɗuwa idan uban ko ɗalibin ya rasu. Takardar shaidar mutuwa kawai iyali za su aika, kada wani ya ruɗe su su biya daga gado.

Idan makarantar ta rufe kana cikinta ko jim kaɗan bayan ka fita, ko ta yaudare ka kan samun aiki da ingancin takardarta, akwai hanyar neman sharewa. Da Corinthian Colleges ta durƙushe a 2015, sai a 2022 aka share dala biliyan 5.8 na mutum 560,000. Na ITT Tech, wadda ta rufe a 2016, an share biliyan 3.9 a shekarar 2022 ɗin. Shekarun da ke tsakani suna nuna maka irin haƙurin da ake buƙata. Irin waɗannan makarantun kasuwa baƙi da masu aikin dare suka fi farauta, don haka ka adana duk takardar tallar da suka ba ka.

Shelar karyewa a kotu ba ta share bashin karatu kai tsaye. Sai ka shigar da ƙara ta daban ka nuna matsanancin ƙunci, bisa ma'aunin da wata kotu ta kafa a shari'ar Brunner a 1987. A Nuwamban 2022 Ma'aikatar Shari'a ta sauƙaƙa hanyar da takardar rantsuwa guda. Aikin lauya ne, amma wanda ya ce maka ba ya yiwuwa sam bai faɗi daidai ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: dokar 2021 da ta cire haraji daga bashin da aka yafe ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2025. Wanda aka yafe wa ta hanyar IBR bayan nan, IRS na iya ƙirga kuɗin a matsayin abin da ya samu a shekarar. PSLF da mutuwa da naƙasa ba su cikin wannan.

Mataki na bakwai: bashin kamfani

Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Yamai ko Kumasi da bizar karatu ba ya samun bashin tarayya, don haka nasa na kamfani ne, irin su MPOWER da Prodigy Finance masu ba baƙi rance, ko na banki da wani ɗan uwa mai takarda ya tsaya masa. A nan yarjejeniyar da ka sa wa hannu ita ce dokarka. Ka karanta sashen matsi, ka nemi ragin biya na wucin gadi a rubuce. Ka kuma gaya wa wanda ya tsaya maka tun kafin kamfanin ya gaya masa, domin lattinka a tarihinsa yake sauka, kuma komawarka gida ba ta sauke masa nauyin ba.

Sai dai kamfani ba ya taɓa albashinka sai ya yi nasara a kotu, kuma bashinsa yana da wa'adin tsufa da ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A jihohi da dama ɗan ƙaramin biya a kan tsohon bashi yana sabunta wa'adin, don haka ka ga lauya kafin ka tura ko dala ɗaya. Idan sammaci ya zo, ka amsa. Wanda bai amsa ba ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, alhali a 2017 CFPB ta zargi National Collegiate Student Loan Trusts, masu riƙe da basussukan karatu na kamfani, da kai mutane ƙara ba tare da takardun da ke nuna su ne masu bashin ba. Kuma kada tallar ragin kuɗin ruwa ta sa ka sayar da bashin tarayya ga kamfani. Duk kariyar da ke sama za ta tafi, ba ta dawowa.

Mataki na takwas: takardu da kai ƙara

A Maris 2025 Ma'aikatar Ilimi ta rage kusan rabin ma'aikatanta, takardun nema kuma sun taru. Ka ɗauka kai ne ma'ajin shari'arka. Sauke tarihin biyanka ka ajiye, musamman idan an ce za a mayar da kai wani kamfani. Kowane kira, ka rubuta rana da sunan wanda ya amsa da abin da ya ce, sannan ka aika saƙo ta shafin kamfanin kana maimaita abin da kuka yi magana a kai.

Idan an yi maka kuskure, fara da kamfanin a rubuce. In ba su gyara ba, kai koke ofishin sasanci na Federal Student Aid, da CFPB, da babban lauyan jiharka. Jihohi da dama suna da jami'in da aka ware don masu bashin karatu, Connecticut ce ta fara a 2015. Ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓarka ma yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su bi wa mazauna yankin kadi a hukumomin tarayya, za ka sa hannu a takardar izini kawai. Shawara kyauta akwai ta a ƙungiyar TISLA da ofisoshin lauyoyin talakawa na kowace jiha.

Wanda ya kira ka ya ce an buɗe sabuwar yafiya za a rufe jibi, ka biya dala ɗari biyar ya shigar da kai, ɗan damfara ne, ko da ya karanto maka adadin bashinka daidai. Dokar tarayya ta hana kamfanin sassauta bashi karɓar kuɗi ta waya kafin ya yi aikin. Kada ka ba kowa kalmar sirrin asusunka na FSA, domin da ita suke canja adireshi da imel su yanke ka daga kamfaninka na gaskiya, kana tura musu kuɗi bashin yana tafiya kwana 270. Idan ka riga ka bayar, canja ta yau, ka kira bankinka ka tsayar da cirar kuɗin, ka kira kamfaninka ka soke duk wani izinin wakilci da aka shigar da sunanka, sannan ka kai rahoto hukumar FTC mai kare masu saye daga damfara.